Tambaya da Amsa: Anti, ni fa ba Yaya ba ce

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni sun taru sosai wannan karon, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri yana nan tafe in sha Allahu. Uku na ɗauko, ta farkon kam sai da na karanta ta na ajiye wayar na ɗan yi shiru kafin na iya rubuta komai.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 24, yayata ce ta rasu wajen haihuwa shekara biyu da suka wuce ta bar yara uku, babbar tana aji huɗu a firamare, ƙaramin kuma shi ne wanda ta rasu a kansa. Bayan 'yan watanni sai iyayenmu da nasa suka zauna suka ce gara ni in shiga ɗakin in riƙe yaran da a kawo bare ta zo ta wahalar da su. Ban ƙi ba Anti saboda ina son yaran nan kamar raina kuma shi mutumin kirki ne bai taɓa ɗaga min murya ba. To amma yau wata goma sha huɗu kenan ban taɓa jin a gidana nake ba. In na yi miya ya ce Yayarki ba haka take yi ba ita daddawa take sawa da yawa, in na yi ɗinki ya ce ita ba ta son wannan kalar, turaren wutan da take sawa shi yake siyo min, gado da kwanuka da labule duk nata ne ba a yi min jere ba wai ɓarnar kuɗi ne tunda ga kaya nan. Sau uku yana kirana da sunanta. Ni kuma na dage ina kwaikwayonta har ɗaurin ɗankwalinta na koya amma kullum sai in ga kamar ya dube ni ya ga ban kai ba. Wallahi kishi nake da yayata da take kabari, kuma ina jin kunyar Allah a kan haka. Ya zan yi? Daga wata ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya karɓi shahadarta, Ya raya abin da ta bari.

Bari in fara sauke miki wannan kunyar don na ga ita ta fi cin ki. Kishi da wadda ta rasu ba a kanki aka fara ba. Nana A'isha da bakinta ta ce ba ta taɓa kishi da wata mace ba kamar yadda ta yi da Nana Khadija, alhali ba su taɓa zama tare ba, Khadija ta rasu tun a Makka wajen shekara uku kafin hijira. Dalili kuwa Manzon Allah (SAW) yana yawan ambatonta, in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta da nama, rannan 'yar'uwarta Hala ta zo ta nemi izinin shiga ya ji irin sallamar Khadija ce sak ya zabura, A'isha ta kasa daurewa ta ce me za ka yi ta tuna wata tsohuwa daga tsofaffin Ƙuraishawa bayan Allah Ya musanya maka da wadda ta fi ta. A wata ruwayar ya amsa mata cewa Allah bai musanya masa da wadda ta fi ta ba, ta yi imani da shi lokacin da mutane suka ƙi, ta taimake shi da dukiyarta lokacin da aka hana shi. To in uwar muminai ta ji wannan zafin, ke don kin ji ba ki zama muguwa ba.

Amma ki lura da wani abu. Duk wannan son da ya yi wa Khadija ba mu taɓa jin ya ce wa A'isha ki yi tafiya irin tata ko ki yi magana irin tata ba. Khadija babbar mace ce 'yar kasuwa mai natsuwa, A'isha kuwa yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa mai wasa, har tsere suka yi a hanyar tafiya ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta ya ce wannan ramuwar waccan ce. A haka ya so ta, kuma da aka tambaye shi wa ya fi so a cikin mutane sunanta ya kira. Kowacce da ɗakinta a zuciyarsa.

A gidanku abin da nake gani shi ne ku biyun kun haɗu, ba tare da kun shirya ba, kuna ta ƙoƙarin dawo da wadda ba za ta dawo ba, shi yana siyo turarenta ke kina ɗaura ɗankwalinta. Kuma ki yarda da ni duk ranar da kika fito da wannan ɗaurin rashin Yaya kike tuna masa, shi ya sa kike ganin wannan kallon a idonsa. Mu mata mun san wannan a Kantin Kwari, in mai shago ya shimfiɗa miki Holan ta gaske ya ɗora kwaikwayonta a gefe idonki ba abin da yake nema sai inda kwaikwayon ta gaza, ko da kuwa ita ma kyakkyawa ce mai riƙe kala. Amma ya ajiye shadda kusa da atamfar mana, ba mai cewa shaddar ba ta kai ba, kowa ya san abu daban ce da kuɗinta daban. Ke da hannunki kike shimfiɗa kanki a gefen Yaya kullum safiya. Ki daina.

Auren da aka yi muku ba aibu a ciki, haɗa 'yan'uwa biyu lokaci guda ne Alƙur'ani ya hana, in ɗaya ta rasu ya halatta. Sayyidina Usmanu ma da Nana Ruƙayya ta rasu a daidai lokacin yaƙin Badar 'yar'uwarta Ummu Kulsum ya aura, daga nan ake ce masa Zun-Nuraini wato mai haske biyu. Biyu fa aka ce, ba a ce guda ɗaya aka sake kunna masa ba.

Inda manya suka yi kuskure, kuma zan faɗa duk da iyaye ne, shi ne maganar jeren nan. Na farko kayan ɗakin marigayiya gado ne, akwai masu haƙƙi a ciki, tunda ta bar 'ya'ya mijinta ɗaya bisa huɗu ne nasa, mahaifinku da mahaifiyarku kowanne ɗaya bisa shida, ragowar na yaran ne. Ya kamata a nemo malami a raba, a killace wa yaran nasu, babbar in ta tashi aure a ɗauko mata abin da ya rage ta san na uwarta ne. Na biyu ke amarya ce, ko katifa ce da labule biyu da kwanuka rabin dozin ki samu naki wanda ke kika nuna da yatsa kika ce shi nake so. Ki je gida ki samu Mama a ɗaki ke da ita ki faɗa mata, uwa ce, ita ma 'yarta ta rasa, ina kyautata zaton baƙin ciki ne ya hana ta tunanin wannan.

Na matsa a kan kayan ne don na ga abin da ido na. Wata gwaggona haka ta shiga ɗakin yayarta, na taso na ga wasu samira jajaye masu fure jere a saman kabet ɗinta, duk Juma'a da hantsi sai ta sauke su ta goge da tsumma ɗaya bayan ɗaya ta mayar daidai yadda ta same su, ba ta taɓa zuba ko ruwa a ciki ba. Ita kuwa kwanon da take cin abinci wani ɗan silba ne da ya lotse a gefe, a bayan ƙofa take kifa shi kamar wadda ta zo kwana biyu. Sama da shekara goma a haka, ta haifi nata 'ya'yan a ɗakin amma kwanon nan yana bayan ƙofa. Da na girma na tambaye ta, ta ce ita jira take wani ya ce mata ɗakin nata ne, kuma ba wanda ya taɓa faɗa. Har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Kar ki zauna jira a faɗa miki.

Shi kuma maigidan ki samu lokacin da yara suka yi barci ya ci ya ƙoshi, ba cikin fushi ba, ki ce masa Abban yara ni ma fa na yi rashin Yaya, tun kafin ka san ta nake bin bayanta ina riƙe mata zani, amma ba zan iya zama ita ba, in ka ce miyata ba irin tata ba ce zuciyata ciwo take. Mai yiwuwa bai ma san yana yi ba, maza da yawa ba sa kuka a zaman makoki sai abin ya dinga fito musu ta irin waɗannan ƙananan maganganun. In ya sake kiranki da sunanta kar ki mayar da shi faɗa, harshen da ya shekara goma yana kiran suna ɗaya ba ya juyawa a wata goma sha huɗu, ki ce Allah Ya jiƙanta sannan ki amsa. Turare kuwa ki siyo naki ki sa.

Yaran kuma kina da matsayinki da ba sai kin ara ba, Annabi (SAW) ya ce 'yar'uwar uwa a matsayin uwa take, a kan 'yar Sayyidina Hamza ya faɗa lokacin da ya ba wa Ja'afar riƙonta saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce. Ki bar su su kira ki da abin da suka saba kiranki. Wata rana ki yi musu miyar nan mai daddawa da yawa ki ce yau miyar Ummanku za mu sha, ki ba su labarin yarintarta, musamman ƙaramin da bai san fuskarta ba, a gidan nan ke kaɗai kika san ta tana yarinya. Sauran ranakun ki yi taki miyar.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ɗana na fari sau uku yana zana JAMB bai taɓa kai 200 ba, burina ya zama likita, yanzu ya tare a Farm Centre wai gyaran waya. Ɗan ƙanina kuwa yana aji uku a karatun likita ni nake biya masa komai kuma gaskiya shi nake ji kamar ɗana, shi nake ɗauka in za ni wajen abokai. Maiɗakina ta ce na yar da nawa na ɗauki na wani. Ni kuma ina ganin wanda ya yi ƙoƙari shi ya cancanta. Laifi na yi? Daga wani uba a Kano.

AMSA: Alhaji barka kadai. Biyan kuɗin karatun ɗan ƙaninka sadaka ce kuma zumunci ne, ka ci gaba Allah Ya ba da lada. Amma maiɗakinka gaskiya ta faɗa maka, kuma ina ganin ka sani shi ya sa ka rubuto.

Jarabawar nan maki 400 ce, masu neman likita sai sun wuce 200 da nisa kafin a ma dube su, sannan ga shekara shida a gaba. Yaron da ya zauna mata sau uku don ya faranta maka ai ya yi ƙoƙari Alhaji, ba hanyarsa ba ce kawai, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Bai zauna a majalisa yana jiran ka ba shi na kati ba, ya je ya koyi sana'a. Annabi Dawuda sulke yake ƙerawa yana ci daga aikin hannunsa, Annabi Zakariyya kafinta ne.

Tambaya ɗaya zan yi maka, ka taɓa zuwa teburin nasa? In ba ka taɓa ba ka nemi wata waya da ta lalace a gidan ka kai masa da kanka, ka zauna a bencin ka ga yadda yake buɗe ta, yadda yake riƙe ɗan ƙarfen nan mai zafi yana liƙa abin da kai ko ganinsa ba ka yi sai da gilashi, ka ji yadda yaransa suke ce masa oga. In ya gama ka biya shi kuɗin aikinsa ko ya ce ka bari. Ɗan ƙaninka yana da uban da zai yi alfahari da shi ranar da ya gama, naka kai kaɗai gare shi, kuma yana ganin wanda kake sawa a gaban mota.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni baƙa ce sosai, bikina saura wata huɗu. Wanda zan aura ya taɓa ce min cikin wasa da kin ɗan ƙara haske da an gama, ƙannensa kuma duk farare ne ina jin suna cewa yayansu ya ɗauko dare. Mai gyaran jiki ta haɗa min wani mai a roba ta ce ba bilicin ba ne oganik ne kalata ta asali kawai zai fito min da ita. Sati uku kenan ina shafawa fuskata ta yi haske kowa yana yabawa amma gaɓoɓin yatsuna sun ƙara baƙi kuma in na shiga rana fuskar zafi take min. In ci gaba zuwa bayan biki sai in daina? Daga Gusau.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah Ya sanya alheri Ya kai mu lokacin. A'a, kar ki ci gaba.

Man da zai canza miki kala a sati uku bilicin ne ko da me aka kira shi, kuma kalarki ta asali ita ce wadda kika kai shekara ashirin da ita. Abu uku ne galibi a cikin irin wannan haɗin na roba da ba rubutu a jikinsa. Akwai haidurokwinon, shi yana hana fata yin sinadarin da yake ba ta baƙinta, wanda kuma shi ne yake kare ta daga zafin rana, kinga dalilin da fuskarki take zafi kenan, in aka daɗe ana shafa shi kuma sai ya juya ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi wanda fitarsa ke da matuƙar wuya. Akwai mayukan sitiroyid irin na ƴan ƙananan tub ɗin nan da ake matsewa a ciki, asalinsu magani ne da likita yake rubutawa na ɗan lokaci, su suke sa fata ta yi siriri har a dinga ganin jijiyoyi kore-kore, ga nankarwa ga ƙuraje, ciwo in ya samu ya ƙi warkewa da wuri, ki tuna ke mace ce mai shirin haihuwa wata rana ana iya buƙatar yi miki ɗinki. Sai zaiba, ita kuma ta fata take shiga jini ta taɓa ƙoda, tana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki.

Abin ya yi yawa a ƙasar nan, wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da irin waɗannan mayukan, Gana ta hana mayukan haidurokwinon tun 2016, a 2023 kuma NAFDAC ta ce lamarin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa. Amma ni ba alƙaluman ne suke tsaya min ba, hannun wata baiwar Allah ne da na zauna kusa da ita a gidan biki, ta miƙo hannu za ta ɗebi shinkafa sai ta yi sauri ta janye ta rufe da gyale, bayan hannun ja kamar an yaɓe fatar, gaɓoɓin baƙi ƙirin, ta ce min shekara tara kenan kuma ita ma zuwa bayan biki ta ce za ta daina. Ba a dainawa cikin sauƙi saboda ana tsayawa fatar take komawa, wani lokacin ma ta fi da duhu, ga mutane sun saba ganinki da haske sai kunya ta sa ki koma.

Maganar farar mace alkyabbar mata mun taso muna ji, mu muka yi ta maimaita ta a gaban 'ya'yanmu har ta kai mu nan. Allah kuwa a suratur Rum cewa Ya yi saɓanin harsunanmu da launukanmu yana cikin ayoyinSa. Baƙar fatar da ta sha man kaɗanya da sabulun salo, aka yi mata dilka da halawa aka zana lalle, wallahi in amarya ta fito da ita sheƙi take ba mai iya ɗauke ido.

Shi angon naki kar ki yanke masa hukunci da maganar wasa guda ɗaya, amma kar kuma ki bar ta ta wuce. Ki tambaye shi kai tsaye, ni ɗin nan da ka gani ka ce kana so a haka kake sona ko wata kake so in zama? Ki faɗa masa kin fara shafa mai saboda maganarsa kuma ga abin da ya fara yi miki, ki nuna masa yatsun. Yana ganinki baƙa ya kai kuɗi gidanku, ina sa ran zai ji kunya ya ba ki haƙuri ya kuma ja wa ƙannensa kunne. In kuwa ya ce lallai sai fara, gara ki ji yanzu da saura wata huɗu ki sanar da iyayenki tun ba a ɗaura ba.

Sati uku bai yi nisa ba, in sha Allahu fatarki za ta dawo. Ki je asibiti ki nemi likitan fata a satin nan, ki tafi da robar man a jakarki ki nuna masa, don in akwai sitiroyid a ciki wani lokacin fuska tana yin ja da ƙuraje bayan an tsaya, shi zai gaya miki yadda za ki bi da abin da za ki shafa. Kafin nan ki rage shiga rana tsaka, in ya zama dole ki ja mayafi ki kare fuskar, kuma kar ki bari mai gyaran jikin ta ba ki wani haɗin wai na gyara yatsu.